Littattafai Biyar da Na Rubuta a Filin Besbol

Aikin jinyar tsofaffi ne ya kai ni gidansa, ba son wasa ba. A farkon shekarun dubu biyu da goma sha ne. Muna zaune a unguwar Mount Hope a Amurka, hawa na huɗu, ni da maigidana mai tuƙin tasi, sai kamfanin da ke tura mu gidaje ya ba ni wani tsohon Bature a can ƙarshen layin jirgin ƙasa, kusa da ruwa. Awa ɗaya da rabi zuwa, awa ɗaya da rabi dawowa. Matarsa ta rasu, 'yarsa tilo tana aure a wata jiha mai nisa, hannunsa na dama kuwa rawa yake yi, kafin cokali ya kai baki rabin miyar ta zube. Ranar farko na kira shi Baba, ya tambaye ni ma'anar kalmar, na gaya masa, ya ce ya karɓa. Da ya ji shekara goma sha ɗaya na yi ina koyarwa a firamare a Zariya, sai ya laƙaba mini Tica, kuma har ya bar duniya bai kira ni da wani suna ba.

A falonsa akwai kanta guda da ya hana ni gogewa. Littattafai ne goma sha biyu a jere, masu koren bango, dogaye kamar rajistar aji. Na ɗauka takardun asibiti ne ko na fansho. Ashe tarihin wata ƙaramar ƙungiyar besbol ne da ke unguwarsu, filinta yana bakin ruwa, tafiyar minti goma in kana tura keken guragu. Tun ranar da aka kafa ƙungiyar yake zuwa da fensir yana rubuta kowane wasa, jifa bayan jifa, littafi ɗaya a kowace kakar wasa. Ba wanda ya sa shi, ba wanda ya taɓa ce masa sannu.

Ba irin manyan ƙungiyoyin da ake nunawa a talabijin ba ce. Wata babbar ƙungiya ce ke zuba mata yara sabbin ɗauka, 'yan shekara sha tara, ashirin, su buga wata biyu da rabi a lokacin zafi. Wanda ya yi fice, ana tsakiyar kaka za a ɗauke shi a kai shi gaba. Wanda bai yi ba, a sallame shi ya koma garinsu. Ni da na tashi a gidan da yayyena ke ƙin cin tuwo in ƙungiyar ƙwallon garinmu ta faɗa rukuni na biyu, abin ya ɗaure mini kai.

Na ce, "To Baba, in sun ci kofi me za a ba su?"

Ya ce, "Kofin."

"Ba za su hau sama ba?"

"Ba sa hawa ko'ina, Tica. Baɗi ma ba waɗannan yaran za ki gani ba."

Na ce, "To kai wa kake goyon baya ke nan? Riga?"

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, sai da na ba shi ruwa.

Wasan farko da na raka shi, na kusa yin barci. Maza tara a tsaye cikin rana suna taunar cingam suna tofar da yawu, mutum ɗaya yana jifa, ɗaya yana kai duka da sanda yana kuskurewa, 'yan kallo suna ta cin nama cikin burodi kamar an ce daga yau an daina sayarwa. Na ce a raina lalle in ƙoshi ya yi wa mutane yawa, babu abin da ba za su ƙirƙiro ba. Ina cikin wannan tsaki sai na ji ƙarar yagewar takarda. Baba ne yake ƙoƙarin rubuta alama a cikin wani ɗan akwati da aka zana a shafin littafinsa, wanda bai kai farcen yatsa ba, hannun ya ƙwace masa, fensir ya keta shafin daga sama har ƙasa. Ya kalli shafin, ya kalli hannun, ya ɗora shi a cinya ya danne da ɗayan. Ban san lokacin da na zare fensirin daga yatsunsa ba. Na ce ya faɗa, ni zan rubuta.

Haka na fara. Kowane ɗan wasa da ke tsaron fili yana da lamba daga ɗaya zuwa tara, mai jifa shi ne ɗaya, mai cafewa a bayan mai duka shi ne biyu, haka har bakin katanga. In na shida ya tsinci ƙwallo ya wurga wa na uku aka fitar da mai duka, sai in rubuta shida, ɗan layi, uku. In mai duka ya kuskure sau uku, harafin K. In kuwa tsayawa ya yi yana kallo har ta ukun ta wuce shi, sai a juya harafin baibai, don kunyarsa ta zauna a takarda. Wanda ya buga ƙwallo ya zagaye kusurwoyi huɗu na filin ya dawo inda ya tashi, a cike masa akwatinsa da baƙi. Cikin mako uku na daina jiran Baba ya faɗa. Cikin wata biyu har gardama nake yi da shi a kan ko laifin mai tsaro ne ko gwanintar mai duka, kuma sau da yawa ni ce da gaskiya.

Ba wasan ne ya shiga raina ba, har yau ban ce yana da daɗin kallo ba. Rubutun ne. Duk aikin da nake yi a ƙasar nan aiki ne mai gogewa. Ka yi wa mutum wanka, gobe ka sake. Ka canza zanen gado, ka wanke kwano, ka share, babu alamar ka taɓa zuwa. Takardar shaidar koyarwata tana ƙasan akwati, ba wanda ya taɓa neman ganinta. Amma in na buɗe koren littafin nan, ga hannuna a miƙe, layi bisa layi, irin rubutun da hedimasta yake ɗagawa ya nuna wa sauran malamai. Halin malanta kuma bai bar ni ba, sai na fara sa 'yan bayanai a gefen shafi da Hausa. Yau an yi yayyafi. Mai lamba huɗu ya yi ƙoƙari. Wannan yaron ba ya jin magana. An ɗauke mana mai jifan hagu. Baba ya tambaye ni me nake rubutawa, na fassara masa, ya ce in ci gaba, littafin ya daɗe yana bukatar mai faɗa.

Azumi a shekarun nan kuwa a tsakiyar kakar wasa yake faɗowa, lokacin da rana ke ƙin faɗuwa sai bayan takwas. Ina zaune cikin ƙamshin soye-soye, maƙogwaro a bushe, ido yana yaji, ina bin ƙwallon da ba ta kai lemo girma ba. Wajen zagaye na biyar ko na shida na wasan ake shan ruwa. Baba ne mai duba agogo. In lokaci ya yi sai ya zungure ni da gwiwar hannu, ya riƙe mini littafin a cinyarsa, in ci dabino uku in kurɓi ruwa. In wani abu ya faru a fili a wannan minti ɗin, shi zai riƙe a ka ya faɗa mini. Akwai akwatuna a littattafan nan da tabon dabino a gefensu.

Lokacin sanyi babu wasa, sai karatu. Ya sa in sauko da tsofaffin littattafan in riƙa karanta masa, shi kuma yana ba ni tarihi. Shekarar farko da fili ke cika har ana tsayawa a matattakala. Shekarar da suka yi ta shan kashi har tsuntsayen ruwa suka fi 'yan kallo yawa. Shekarar da suke kan gaba da nisa, aka kwashe musu mutum uku a mako ɗaya, suka ƙare a ƙasa. Ya san inda da yawa daga yaran suka ƙare. Wannan yana sayar da motoci, wancan ɗan sanda ne, wancan kafaɗarsa ta lalace yana da shekara ashirin da biyu. Waɗanda suka kai sama ƙalilan ne, kuma ba su yake damuwa da su ba. Ya ce su duniya ta rubuta su. Ya ce amma yaron da ya buga wasa goma sha ɗaya aka sallame shi, in wata rana ya gaya wa jikansa cewa ya taɓa fitar da mutum uku a jere, ina shaidarsa? Na ce ai ƙungiyar tana da nata lissafin. Ya ce tana da jimilla, ba ta da ranar.

Kaka biyar na rubuta. Littattafai suka zama goma sha bakwai, biyar na ƙarshe nawa. Kuma zan faɗi gaskiya, tun daga na biyu na san ina son su. Ba son a yaba mini ba, so nake su zama nawa, in sa su a ɗakina, in wata rana ƙafata ta daina hawa jirgi in buɗe in ga abin da na yi da shekarun nan.

Shi ma ya sani. A kaka ta huɗu, bayan an sallamo shi daga asibiti karo na biyu, ya ce mini, "Tica, littattafan nan naki ne. Ki fara kwasa, ɗaya-ɗaya a jakarki, kafin wata ya ƙare kin gama."

Na ce, "Haba Baba, daina irin wannan magana. Allah ya ja kwana, baɗi ma tare za mu je."

"Ba maganar baɗi nake ba."

"To a bari tukuna."

Ta yaya zan riƙa fita da kayan mutum a jaka yana kwance yana numfashi? A wurinmu wannan cin gadon mai rai ne, kamar kana ce masa ya yi sauri. Ga kuma dokar kamfani da ta hana mu karɓar ko allura daga hannun waɗanda muke jinya. Na ba maƙwabciyata labari, wata 'yar Kumasi da ta fi ni daɗewa a aikin da shekara goma, muna zaune a ɗakin wanki na ƙasan bene muna jiran inji ya tsaya.

Ta ce, "Hajiya, wallahi kina ba ni mamaki. Mutum ya ce ɗauki, ki ɗauka mana. Ejensi da ke tura mu aiki ina ruwansu da tsohon buk? Ko ki sa shi ya yi sayin a fefa."

Na ce, "In kai wa mara lafiya takarda ya sa hannu a kan abin da zan ci bayan ransa? Allah ya kiyaye."

Ta ce, "Nan ba Zariya ba ne fa. Ni dai na faɗa miki."

Na ji haushinta ranar. Na ce a raina zaman Amurka ya cinye mata kunya.

Ya rasu bayan kaka ta biyar da 'yan makonni, a asibiti, ba na wurin. Saƙon waya kamfani ya turo mini, a ƙasan saƙon kuma ga adireshin sabuwar tsohuwar da zan fara zuwa wurinta ranar Litinin. Shekara biyar, layi biyu.

Kwana uku da rasuwar na dafa shinkafa da miyar kaza na ɗauka zuwa gidan gaisuwa. 'Yarsa ta zo. Sau huɗu ko biyar na taɓa ganinta, kullum a lokacin sanyi, ta kwana biyu ta koma. Mace ce mai kirki a fuska, doguwa, idonta ya kumbura. Ta rungume ni, ta karɓi kular abincin tana ta godiya. Babu zaman makoki, babu tabarma, babu kowa. Kwalaye ne ko'ina, don mai gidan hayar ya ba ta zuwa ƙarshen wata, ita kuma hutun kwana biyar aka ba ta a wurin aiki. Na ajiye jakata na kama mata. Na naɗe rigunansa, na ware magungunan da za a mayar, na wanke firiji. Duk inda na juya a falon, kantar nan tana gabana, littattafai goma sha bakwai, ba a taɓa su ba.

Da zan tafi ta riƙe hannuna ta ce, "Kin yi wa mahaifina abin da ni ban yi ba. In akwai abin da kike so a gidan nan, ki ɗauka. Komai."

Na ce, "A'a, ba komai. Na gode. Allah ya ba ku haƙuri."

Ta ce, "Kin tabbata?"

Na ce na tabbata.

Ga abin da ke kaina a lokacin, kuma ba na neman a ba ni gaskiya. A inda na tashi, wanda zai ba ka abu ba ya tambayarka ko kana so. Ƙunshewa yake ya cusa maka a jaka kana cewa a'a, ko ya bari ka tafi ya aika maka har gida. Tambaya ta fatar baki ce, amsarta kuma a'a ce, kowa ya san haka. Sannan kayan mamaci na magada ne. Kwana uku da mutuwa, mace baƙuwa, 'yar aiki, ta nuna kanta da yatsa ta ce waɗancan nake so? Da me zan kalli kaina? Na tabbata Baba ya gaya mata. Na tabbata ta ga idona yana komawa wurin. Da ta ce in rubuta mata adireshina, sai zuciyata ta kwanta. Na rubuta da manyan baƙaƙe, har da lambar ɗaki da hawa, na ja layi a ƙasa. A jirgi ina ta tunanin inda zan sa su.

Na jira kwana goma sha biyu. Kullum na dawo sai na leƙa ƙasan akwatunan wasiƙa inda ake ajiye kwalaye. Ranar da saƙon ya zo, ambulan ne ɗan ƙarami. Kati mai hoton furanni, da kalmomin godiya, da sa hannunta.

Washegari na nemi wata ta riƙe mini aikin safe, na hau jirgi. Ƙofar gidan a buɗe, masu fenti biyu a ciki, falon wayam, an cire har kantar, sai ramukan ƙusa. Mai kula da benen ya ce 'yar ta tafi da wasu kwalaye a mota, sauran kuma masu kwasar tarkace sun zo sun loda tun makon jiya. Na tambaye shi ina suke kaiwa. Ya ɗaga kafaɗa ya ci gaba da jan tiyonsa.

A bakin titi na tsaya na kira ta. Muryata lafiya lau, har da tambayar ya hanya, ya yara. Sannan na ce ina tambaya ne a kan korayen littattafan nan na wasa.

Ta ce, "Ai suna wurina. Ba zan iya zubar da rubutun mahaifina ba. Na kawo su gida duka goma sha biyun."

Na ce, "Goma sha bakwai ne."

Ta ce, "E, akwai wasu biyar, amma ba nasa ba ne. Na buɗe na ga ba hannunsa ba ne, har da wani yare a gefe da ban iya karantawa ba. Na ɗauka wani abokinsa ne ya bar su. Motar ta cika, sai na bar wa masu kwasa." Sannan ta ce, "Kin san mai su?"

Na ce, "Ni ce."

Sai na ji tana kuka. Ta ce ba ta sani ba, bai taɓa gaya mata ba, in sun yi waya ba ta barinsa ya fara zancen wasan don ba ya ƙarewa. Ta ce, "Amma na tambaye ki. Sau biyu na tambaye ki. Me ya sa ba ki faɗa ba?"

Me zan ce mata? In ce tarbiyya? Na so in tsane ta, kuma na yi ƙoƙari, na kwana biyu ina yi. Macen da ba ta san hannun mahaifinta ya daina riƙe fensir shekara biyar ba. Amma duk ta inda na biyo, sai in tarar da kaina tsaye a falon nan, abin da nake so yana taku uku daga inda nake, an ce in ɗauka, na buɗe baki na ce ba komai. Shi mai abin ya ce in kwasa, na ce a bari tukuna. Maƙwabciyata ta faɗa mini, na ce ba ta da kunya. Ba wanda ya ƙwace mini. Ni na riƙe mutuncina da hannu biyu, ban bar hannun da zan karɓi littafi da shi ba, kuma babu wanda ya ma lura ina riƙe da wani mutunci. Wannan ne yake ci mini rai har yau, ya fi zubarwar ciwo.

Kafin mu ajiye waya ta share hanci ta ce, "Kina so in aiko miki da nasa? Ni ba na gane alamomin. A kwali kawai za su zauna."

Bakina ya riga ya fara haɗa a'a, na ji ta a kan harshena. Na haɗiye ta.

Na ce, "Ina so."

Bayan mako guda kwalin ya iso, maigidana ya hau da shi hawa huɗu yana mita. Goma sha biyu ne cif, a jere yadda ya bar su. Na zauna a ƙasa na buɗe su ɗaya bayan ɗaya, ina kallon rubutunsa yana tafiya daga miƙaƙƙe zuwa karkatacce, har na kai shafin ƙarshe na littafi na goma sha biyu, wasan rufe kaka, watanni kaɗan kafin in fara zuwa gidansa. Daga nan babu sauran komai. Tarihin ƙungiyar yana ɗakina yanzu, a kan kantar da na sa aka kafa masa, kuma ya tsaya daidai inda na shigo.